Keke da Sawu: Hanyar da Ta Dace da Nazarin Hausar Arewa

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya bi babbar hanyar kwalta zuwa Birnin Konni zai ratsa Dogondutsi cikin 'yan mintoci. Zai hangi duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, ya karanta allon da aka rubuta wa Dogondoutchi, ya wuce. Abin takaici shi ne, sanin da ɗaliban ilimin harshe da yawa suka yi wa ƙasar Arewa bai wuce na wannan matafiyi ba. Suna iya lissafa siffofin Hausar yamma a takardar jarrabawa, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka turbar da ta tashi daga Dogondutsi ta yi arewa zuwa Matankari ba, balle ta Bagaji ko ta Lugu. Ya kamata sassan nazarin harshe su mayar da yawon keke da tafiyar ƙasa a cikin Dallol Mawri da kan tuddansa wani ɓangare na karatu, mai maki kamar kowane darasi.

Wannan shawara tana da tushe a tarihin fannin. Tsakanin 1897 da 1901, Edmond Edmont, wani ɗan tireda mai kaifin kunne, ya zaga wurare 639 yana rubuta furucin mutanen karkara bisa tambayoyin da Jules Gilliéron ya tsara masa, kuma littattafan nazarin karin harshe suna tuna shi da kekensa. Daga wannan zagaye aka fitar da taswirar harshen Faransa da aka buga tsakanin 1902 da 1910. Darasin da aikin ya bari shi ne, iyakar karin harshe tana bin kwari da tudu da hanyar kasuwa, kuma mai son ganinta sai ya bi ta a hankali, ƙauye bayan ƙauye. Mota tana tsallake ƙauyuka goma kafin ta tsaya a na sha ɗaya. Mai keke kuwa ƙishirwa kaɗai ta isa ta tsayar da shi a bakin kowace rijiya, inda zai gaisa, a amsa masa da harshen wurin.

Sunan Dogondutsi kansa darasi ne. A Daidaitacciyar Hausa dutse ake cewa. A Hausar yamma wasalin ƙarshe i ne, kuma sautin ts yakan ganɗance idan ya zo kafin wasalin gaba, ya koma kusa da c. Abin da kunnen Bafaranshe ya ji ke nan ya rubuta tch. Ashe rubutun da ke kan allo ya adana wata siffa ta tsarin sautin yankin, ko da yake ya haɗe kalmomi biyu ya ɓoye ma'anarsu. Haka Dogonkiria ya ɓoye itacen ƙirya, ya kuma shafe ƙugiyar ƙ. Waɗannan manyan garuruwa ne da taswira ta san da su. Sunayen ƙananan tuddai, da fadamu, da tafkuna, da mashigan da makiyaya ke bi tsakanin duwatsu, yawancinsu a bakin tsofaffi da manoma kaɗai suke. Wanda ya ji an kira wani dutse Tozon Bijini, ya ɗaga kai ya ga siffarsa, ya sami abu biyu a lokaci guda: yadda Bahaushen wurin ke kwatanta ƙasa da jikin dabba, da kuma bijini a inda Bakano zai ce bijimi.

Sunan ƙasar ma yana buƙatar a ji shi daga bakin masu ita. Tarihin baka yana danganta Arewa da Ari, ɗan sarautar da aka ce asalinsa daga Barno ne, kuma jama'ar suna kiran kansu Arawa, tilo Ba'are, Zabarmawa kuma suna ce musu Mawri. Ɗalibin da ya ɗauka sunan yana nufin jihar da ke hagun mai fuskantar gabas ya yi kuskure tun daga matakin farko. Matankari ita ce tsohuwar cibiyar sarautar, kafin Faransawa su mayar da mazaunin mulki Dogondutsi. A Bagaji akwai sarautar Baura, a Lugu akwai ta Sarauniya, inda Sarauniya Mangu ta yi arangama da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Kowace sarauta tana da kalmominta na gaisuwa da kirari da al'ada, kuma irin waɗannan kalmomi su ne suke fara ɓacewa idan mai riƙe da su ya rasu.

Masana sun yi rubutu kan yankin. Marc-Henri Piault ya wallafa tarihin Mawri a 1970, Adeline Masquelier ta wallafa nazarinta kan bori a Dogondutsi a 2001, Abdoulaye Mamani ya ƙagi labarin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Duk waɗannan tarihi ne da al'ada da adabi. A fagen harshe, Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a littafinsa na 1991, kuma irin wannan cikakken bayani ne ya kamata ɗaliban yau su yi burin yi wa Hausar Arewa. Tambayoyin a fili suke. A wane ƙauye munka da sunka suke fara raunana a bakin matasa? Ina ake cewa tahi da hwari, ina kuma aka koma tafi da fari? Wane tasiri maƙwabtaka da Zabarmanci ta yi wa kalmomin gona da na kasuwa, kuma yaya maganar Tibiri ta bambanta da ta Matankari? Amsoshin suna buƙatar wanda zai auna tazarar da ƙafarsa.

Akwai masu cewa wayar hannu ta sauƙaƙa komai, ana iya turo muryar tsoho ta WhatsApp. Gaskiya ne, amma mutumin da ya san ana naɗar muryarsa don a kai birni yakan gyara harshe, ya karkata zuwa Hausar rediyo. Maganar da mai nazari ke nema ita ce wadda ake yi ba tare da lura ba, lokacin da ake nuna masa hanya ko ake yi masa dariya don kekensa ya kafe a rairayi. Sunan wuri kuma ba ya cika sai an tsaya a kan wurin, an ga abin da ya sa aka raɗa shi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba a raina ta. Wasu sassan jihar Dosso sun fuskanci hare-hare, kuma babu maki da ya kai ran ɗalibi. Abin da hankali ya nuna shi ne a fara da gajeren zango, kamar tsakanin Dogondutsi da Matankari, da izinin hukuma da na sarakuna, da ɗan jagora daga ƙauyen, a lokacin sanyi na Disamba da Janairu, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Inda hukuma ta ce a dakata, sai a dakata. Haka kuma Lugu da dutsenta na Tunguma wurare ne masu alfarma a wurin masu su. Baƙo yana zuwa da sallama, ya tambayi abin da aka yarda a naɗa, ya bar abin da aka hana.

Amfanin aikin ba zai tsaya a jami'a ba. A yankin Alzas na Faransa, inda ƙauyukan gonakin inabi suke a gindin duwatsun Vosges, wata ƙungiya da aka kafa a 1872 tana sanya alamomi a turbobin masu yawon ƙafa har yau, kuma garuruwa da dama suna rubuta sunayen titunansu da Faransanci da harshen yankin. Tun da kundin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, wata rana za a sake rubuta allunan hanya. Idan ranar ta zo babu wanda ya tattara sunayen daga bakin masu su, za a kwafi kurakuran tsohuwar taswira ne da sababbin haruffa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin sashe ɗaya ba: kekuna goma, da na'urar naɗar murya, da jerin tambayoyi na bai ɗaya, da malami mai sa ido. Kowane rukuni ya ɗauki turba guda, ya dawo da sunaye da furucinsu da bayanin ma'anarsu, a ajiye kwafi a sashe, a mayar da kwafi ga ƙauyen da ya bayar. Dattawan da suka san sunan kowane tudu tsakanin Matankari da Bagaji suna raguwa kowace shekara, saboda haka sanyin bana ya fi na baɗi dacewa da fara aikin.