Tiyatar Gyaran Jiki: A Nemi Takarda Kafin A Tambayi Farashi

Mutane da dama sun ɗauka tiyatar gyaran jiki harka ce ta masu neman ƙarin kyau kawai. Amma a garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, inda ake da masana'antun casar shinkafa da gidajen mai, mai bukatar wannan aiki yakan kasance lebura ne da injin ya kama wa hannu, ko direban da wuta ta ƙone. Maigidansa ne zai biya kuɗin aikin, saboda haka ya kamata ya san irin likitan da zai miƙa wa ma'aikacinsa da dukiyarsa.

Digirin likita na MBBS shekara 6 ake yinsa, sannan shekara ɗaya ta koyon aiki. Bayan haka Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, wadda aka kafa a 1963, ta yi wa mutum cikakkiyar rajista, ya riƙa sabunta lasisinsa kowace shekara. Wannan ya mai da shi likita, amma bai mai da shi ƙwararre ba. Ƙwarewa sai ya ƙara shekara 5 zuwa 6 a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙaro Ilmin Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Ta farko tana ba da shaidar FMCS, ta biyu kuma FWACS. A nan ma akwai abin lura: mai FWACS yana iya zama gwanin ƙashi ko na mafitsara. Sai an tambayi a wane fanni ya samu tasa. Takardar kwas na mako biyu da aka rataye a bango, komai kyan hatiminta, ba ta maye gurbin wannan.

Akwai kuma masu ganin da zarar an hau jirgi an tsira. Uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a watan Oktoba na 2005 bayan aikin rage kitse a wani asibiti a ƙasar Sifen, kuma a 2009 kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya saboda sakaci. Dillalan da ke haɗa marasa lafiya da asibitocin Indiya, Masar ko Turkiyya kuwa, la'adarsu ce a gabansu.

Ɗan kasuwar da ba ya sayen tirela sai ya ga takardunta bai kamata ya ji nauyin tambayar likita lambar rajistarsa, da wanda zai yi allurar barci, da asibitin da za a garzaya idan aiki ya rikice ba. Aikin da aka ɓata yakan bukaci a sake shi sau biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa, ma'aikaci kuwa yana kwance watanni ba ya aiki.