"Ni yaron shago ne" ba hujja ba ce

Duk wanda ya taɓa yi wa yaron kemis magana a kan tramol da kodin da ke fita ba takardar likita ya san amsar: "Ni yaron shago ne, abin da maigida ya ajiye nake sayarwa." Mu dai a Herwagana mun gaji da jin wannan.

A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken da ta yi a ɓoye kan maganin tari mai kodin. Wanda kyamara ta kama yana cinikin kwalaben ta bayan fage ma'aikaci ne mai jiran albashi, ba mai kamfani ba. Ranar 1 ga Mayu Ministan Lafiya, Farfesa Isaac Adewole, ya hana shigo da maganin da sarrafa shi, NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni 3 na wani lokaci. Tun 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalba sama da miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. To kwalba tana da ƙafa ne? Direba ya ɗauko, ɗan dako ya sauke, mai sito ya shigar a littafi, yaron kanti ya miƙa, kowa na cewa ba ruwansa.

Ba mu ce laifin kowa ɗaya ba. Mai kantin da ya saro kayan ya fi cancanta NDLEA ta fara da shi, kuma mun san yadda samun aiki ya yi wuya a Gombe. Amma maigida yana gida yana barci sa'ad da ɗan maƙwabcinka ya zo da daddare, ido jajir, yana neman kati guda ba ciwo ba takarda. Kai ka gan shi. Ka san uwarsa. Garin da ya sha wuyar 'yan Kalare ba sai an koya masa inda ƙwaya ke kai yaro ba. Malamanmu ma sun sha karantar da mu cewa la'anar giya ta haɗa da mai ɗaukarta da mai sayar da ita, ba mashayi kaɗai ba.

Abin da muke nema kaɗan ne: ka ce babu, ko ka ce a kawo takarda. In an kore ka a kan haka, ka je wurin mai unguwa, a tara 'yan kasuwarmu su samo maka wani kantin. Mai kemis ɗin da ya yi korar kuwa, mu daina sayen ko farasitamol a wurinsa.