Aikin jirgin ruwa: ɓoye ciwo gaban likita na iya cinye haƙƙin magani

Mu nan Ɗan Barto babu teku kusa da mu, amma 'yan ci-raninmu na sauka Legas, Kwatano da Lome, inda manyan jirage ke tsayawa. Duk wanda ya samu aiki cikin jirgin, sai likita ya fara duba shi ya ba shi takardar lafiya, wadda ba ta wuce shekara 2. A wannan ɗakin likitan ne haƙƙinsa ke tabbata ko ya salwanta.

Yarjejeniyar ma'aikatan jiragen ruwa ta 2006, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara, ta fara aiki ranar 20 ga Agusta 2013. Najeriya, Benin da Togo duk sun amince da ita. Ta ce in ma'aikaci ya kwanta ciwo a bakin aiki, mai jirgi ne zai biya magani, abinci da masauki. Ƙasa na iya ƙayyade wa'adin, amma kada ya gaza mako 16. Sai dai ta ba ƙasashe damar sauke wa mai jirgi wannan nauyi in ma'aikacin ya ɓoye ciwonsa da gangan ranar ɗaukarsa.

A Amurka, a 1968, kotu ta hana wani mai suna McCorpen kuɗin magani don ya ɓoye ciwon suga. Tun daga nan, mai jirgi a can sai ya nuna abu uku: an ɓoye da gangan, ciwon na da nauyi wajen ɗaukar aiki, kuma yana da alaƙa da abin da ya kwantar da mutumin.

Mun san abin da ke sa yaro yin shiru. Gida na jiran aike, yana tsoron in ya ambaci hawan jini ko asma a kore shi. To amma ranar da ya faɗi a wata tasha mai nisa, mu ne za mu sayar da gero da awaki.

Wanda bai san yana da ciwo ba, bai ɓoye komai ba. Don haka 'yan uwa, ku amsa tambayar likita da gaskiya, ku sa a karanta muku takarda kafin sa hannu, ku aiko da hotonta gida. Masu shiga jiragen kamun kifi kuma su sani wannan yarjejeniya ba ta rufe su ba, tasu daban ce, ta 2007.