Krachai cefane ne, ku daina sayar wa marasa lafiya shi a matsayin waraka

1/ Jama'a, yau sai na yi magana. An turo wa kawuna talla a WhatsApp: garin "saiwar Thailand" mai maganin suga, hawan jini, har da korona. Bawan Allah ya ajiye ƙwayoyinsa na asibiti kusan mako biyu. Da ƙyar muka shawo kansa.

2/ Saiwar nan na san ta, don ina da ita a buhuna uku a bayan ɗakina. Sunanta krachai, masana na ce mata Boesenbergia rotunda. Danginsu ɗaya da citta da gangamau. Tana fitowa zara-zara kamar yatsun hannu.

3/ A Thailand kayan miya ce. Suna daka ta a miyar kifi don kashe ƙarni, masu maganin gargajiyarsu kuma na ba da ita ga mai kumburin ciki. Ni ma a farfesun tarwaɗa nake jefa ta, kuma wallahi tana yin aikinta.

4/ To ina batun korona ya samo asali? A 2020 masu bincike a Jami'ar Mahidol sun gwada tsirrai da sinadarai 122 na ƙasarsu. Wani sinadari a cikin krachai, panduratin A, ya hana ƙwayar cutar yaɗuwa. Amma a ina? A ƙwayoyin halitta cikin faranti a ɗakin gwaji. Ba a jikin majinyaci ba. Wannan gaɓar ce 'yan talla ke haɗiyewa.

5/ Da cutar ta tsananta can a 2021, mutane suka yi mata rububi, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Guguwar ce ta iso mana a makare, cikin leda marar suna.

6/ Kuma tsakani da Allah, garin da ke ledar wa ya tabbatar krachai ne? In an niƙa, ko ni da nake shuka ta sai na sunsuna.

7/ Mai son ta ya shuka. Gutsuren da ke da ido za ka binne farkon damina, a inuwa, cikin ƙasa mai taki wadda ba ta riƙe ruwa. Ruwa ya kwanta, ta ruɓe; haka na yi asarar buhun farko. Da rani ganyen zai bushe, kar ka zata ta mutu, lokacin tono ne.

8/ Kawu dai ya koma kan maganinsa. Mai tallar kuwa da na tambaye shi sunan tsiron, sai ya toshe lambata.