A sauƙaƙa wa masu garin kunun yara samun lambar NAFDAC

Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan matan da ke haɗa garin kunun yara, wanda ake kira Tom Brown.

Ba na cikin masu cewa hukumar NAFDAC ta cika takura. Mu a Zariya ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya fara kashe yara, har adadin ya kai 84 a faɗin ƙasar nan, wasunsu a asibitin koyarwa na Shika. Wani sinadari da ake zubawa a man birki aka samu a ciki. Ya lalata musu ƙoda, fitsari ya ɗauke. Uwar da ta ga wannan ba za ta taɓa yarda a bar abin da yaro zai haɗiya babu bincike ba.

To amma a dubi matar da ke soya gero da waken soya da gyaɗa a tsakar gidanta, ta kai niƙa, ta tankaɗe, ta ɗaura a leda. Kafin ta samu lambar NAFDAC sai ta yi rajistar kasuwanci, ta keɓe wurin aiki daban da madafar gida, jami'ai su zo su duba, ta biya kuɗin gwaji, ta buga takardar bayani. Jarinta gaba ɗaya bai wuce kuɗin buhun gero ba. Saboda haka ba ta zuwa neman lambar, manyan kantuna ba sa karɓar kayanta, ita kuma ta ci gaba da sayarwa gida-gida babu mai duba komai. Uwar da ba ta iya sayen abincin gwangwani, wurinta za ta je.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne gyaɗar. Wadda ta kwana da danshi a buhu takan yi fumfuna, ƙwayar ta motse, ta yi ɗaci. A cikinta ake samun gubar afulatoksin mai cin hanta da tsumburar da yaro, kuma suya ba ta kashe ta. Da yawa daga cikin matan nan ba su taɓa jin sunanta ba, kuma gyaɗa mai araha ita ta fi samun wannan matsalar.

Ina kira ga NAFDAC ta ba mata damar yin rajista a ƙungiyance, su ashirin ko talatin a ƙarƙashin lamba ɗaya da wurin aiki ɗaya. Ɗakin gwajinta na Kaduna ya ware musu kuɗin gwaji mai sauƙi. Gwamnatocin jihohi kuma su tura ma'aikatan lafiya asibitocin sha-ka-tafi ranar awo, su koya wa mata tsince gyaɗa da shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa.

Wassalam.

Wata uwa mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Zariya