Me ya sa sama ke fitowa layi-layi a bidiyo?

'Yan'uwa ɗalibai, da muka je hutu Garki mun ɗauki bidiyon faɗuwar rana, muka tura wa abokanmu a Dutse. Ko da ya isa, sama ta fito layi-layi kamar saƙar tabarma. Me ya jawo?

Waya tana ajiye hasken kowane ɗigon hoto a matsayin lamba. Yawancin bidiyo na amfani da bit 8, wato gurabe takwas na 0 ko 1. Ku jera 2 guda takwas ku ninka su, za ku samu matakan haske 256, daga 0 zuwa 255. Bit 10 kuwa yana ba da 1,024.

Don rage cin data, tsarin H.264 na shekarar 2003 yakan ajiye bambancin hoto da wanda ya gabace shi. Bambancin yana kamawa daga -255 zuwa 255, lambobi 511, don haka lissafinsa sai da bit 9. Daga nan a dunƙule lambobi makusanta su zama ɗaya. Dunƙulewar ce ta haifi layukanmu.

Saboda haka idan malamin lissafi ya shigo da darasin tushe biyu, kada ku yi gyangyaɗi. Shi ne a aljihunku.