Mu Shiga, Mu Ci, Mu Biya

Wanda ya san Dutse a shekarar 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ya san cewa baƙon da dare ya riske shi a garin nan, tuwo da miyar kuka ko fura da nono su ne rufin asirinsa. Yau labari ya sha bamban. Ma'aikata sun shigo, masu yi wa ƙasa hidima suna zuwa kowace shekara, sannan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ɗalibai suka zo daga kudu da arewa, kowa da irin cimar gidansu.

Haka ƙananan gidajen abinci suka tsiro. Ga Bayarabiya da amala da miyar ewedu, ga 'yar ƙabilar Ibo da teba da miyar agushi, ga 'yar Binuwai tana kirɓa sakwara, ga kuma Bahaushiya da ɗanwake da tuwon shinkafa. Yawanci rumfa ce ta kwano, benci biyu da tebur. Amma a nan ne ɗan da muka turo karatu yake samun abinci mai zafi.

'Yan'uwa, abu biyu ke damunmu game da wuraren nan.

Na farko, mun shigar da ƙabilanci har cikin kwano. Kowa rumfar 'yar garinsu yake nema, ya wuce ta wata yana yatsina fuska, wai abincinsu yana wari, alhali bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ranar Lahadi muna zama benci ɗaya a majami'a, amma ranar Litinin ba ma iya zama benci ɗaya mu ci abinci? Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ka ci daga tukunyarsa, da wuya ka yarda da ƙaryar da za a yi maka a kansa. A rumfunan nan Musulmi da Kirista suna wanke hannu a kwano ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan.

Na biyu ya fi zafi, shi ne bashi. Kusan kowace mai abinci tana da ɗan littafin da take rubuta sunayen waɗanda suka ce, "Mama, ki rubuta, sai an aiko mini daga gida." Tana rubutawa domin ita ma uwa ce. Amma idan an tashi hutu, sai wasu su kama hanyar tasha ba ko sallama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da shinkafa da manja da gawayi suka tashi. Doya da garin rogo daga nesa ake kawo su. Matar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba, ina za ta iya ɗaukar bashin mutum goma? Idan ta rufe rumfa, 'ya'yanta ne za a koro daga makaranta, ɗalibin da ke zuwa baya kuma ya rasa mai tausaya masa.

Gaskiya ne bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cinsa ba abin kunya ba ne, ƙin biya shi ne abin kunya. Wanda ya ba da baiko ranar Lahadi alhali sunansa na littafin mai abinci wata uku, ya sake tunani.

Iyaye, idan kun aika wa yaro kuɗi, ku tambaye shi ko ana binsa kuɗin abinci. Shugabannin zumuntar ɗalibai, ku tuna wa juna kafin hutu. Mu kuma masu albashi, wannan makon mu shiga rumfar da ba mu taɓa shiga ba, mu gaisa, mu ci, mu biya nan take.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.